In an soki kayanka a Facebook, wa za ka fara kira?

A watan Satumbar 2023, wata 'yar kasuwa a Legas, uwar 'ya'ya uku, ta sayi gwangwanin tumatirin Nagiko na kamfanin Erisco Foods. Da ta ɗanɗana sai ta ji zaƙi ya yi mata yawa. Ta ɗauki hoton gwangwanin ta sa a Facebook, ta faɗi abin da ta ji, ta ce wanda ya taɓa amfani da shi ya zo ya faɗi nasa ra'ayin. Mutane suka yi ta tofa albarkacin bakinsu. Can wani ya shigo ya ce ta daina ɓata wa ɗan'uwansa sana'a, ita kuma ta mayar masa da martani mai zafi, har ta danganta tumatirin da kisan mutane. A nan ba zan wanke ta ba. Zaƙi a harshe daban, zargin kisa daban, kuma duk wanda ya taɓa zuba dukiyarsa a masana'anta ya san yadda irin wannan magana take sukar zuciya.

Amma a dubi abin da ya biyo baya. Bayan kamar mako guda 'yan sanda suka kama ta a Legas, aka wuce da ita Abuja. Aka tuhume ta a ƙarƙashin dokar laifukan intanet, kamfanin kuma ya shigar da ƙara ta daban yana neman diyyar naira biliyan 5. Mai kamfanin, Eric Umeofia, ya riƙa fitowa a talabijin yana nanata cewa ba zai janye ba. Masu bin matar a Facebook a lokacin kimanin dubu 18 ne. Da labarin kamen ya fita, 'yan Najeriya suka yi wa kamfanin ca, aka fara kiran a ƙaurace wa kayansa, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta gayyaci kamfanin, ƙungiyar Amnesty International ta sa baki, daga baya CNN ta ɗauki labarin ta kai shi ƙasashen duniya. Ni a nan Kano na fara jin sunan Nagiko ne ranar da na ji an kama mace a kansa, kuma na tabbata irina suna da yawa. Yau in an ambaci sunan, ba mai tuna ko sukari nawa ne a gwangwanin. Abin da ya zauna a ran mutane shi ne babban kamfani ya sa an tsare uwar yara saboda ta faɗi ra'ayinta.

Aikina tallata kayan ƙananan kamfanoni ne: masu yogot, masu ruwan leda, masu gidan biredi, masu haɗa man shafawa da turaren wuta. Daga rubuta tallan rediyo na faro, yanzu kuma rabin aikin ya koma waya. Abin da na lura da shi a wannan sana'a, kuma shi ya sa nake wannan rubutu, shi ne in rikici ya taso jama'a ba su cika riƙe kamfani da laifin farko ba. Kowa ya san madara tana lalacewa, inji yana kuskure, ma'aikaci yana sakaci. Abin da suke zuba wa ido shi ne yadda mai ƙarfi ya bi da maras ƙarfi bayan abin ya faru. Wanda ya riƙe wayarsa yana kallo, kansa yake hangowa a matsayin wanda aka cuta, domin shi ma mai saye ne, gobe abin yana iya faɗowa kansa.

Na ga wannan da idona a kamfanin wata Hajiya mai yin yogot. Wani matashi ya sayi roba a shagon unguwarsu, ya tarar ta kumbura, da ya buɗe sai ta yi tsartuwa, warin tsami ya tashi. Ya ɗauki bidiyo yana juya robar a hannunsa yadda sunan kamfanin zai fito sosai, ya ce jama'a su yi hattara. Kafin la'asar bidiyon ya shiga guruf-guruf na WhatsApp, wata kuma ta ɗora masa saƙon murya tana cewa yara sun kwanta asibiti, alhali ba yaron da ya sha. Da na isa ofis na tarar da babban ɗanta, wanda shi ne manaja, yana tsaye da waya a kunne yana neman lambar DPO. Hajiya tana zaune, idonta ya yi ja, ga robobi jere a kan teburi an buɗe su ana shinshinawa.

Na ce, “Hajiya, don Allah kafin a kira kowa, a ba ni lambar yaron nan.”

Ɗan nata ya ce, “Malam, mutumin da ya zubar mana da mutunci shi za mu lallasa?”

Hajiya ta ɗaga masa hannu ta ce, “Bari, Abba. Kira shi, ni zan yi magana da shi.”

Ta gaishe shi kamar ɗan cikinta, ta ce, “Ɗana, ni ce mai yogot ɗin nan. Ka sha ne? Lafiyarka ƙalau?” Yaron ya yi shiru na ɗan lokaci, domin zagi ya shirya ji. Ya faɗi shagon da ya saya, ya karanto lambar da aka buga a wuyan robar. Da wannan lamba aka buɗe littafin fitar da kaya aka ga ranar da aka yi shi da dilan da ya ɗauka. Da aka je shagon sai aka tarar da firjin a kashe: an daɗe ba wuta a layin, mai shagon kuma yana tada janareto ne da daddare kawai saboda tsadar mai. Aka kwashe duk abin da ya rage a shagunan wannan layi, aka biya masu shagunan kuɗinsu. A daren Hajiya ta yi saƙon murya da bakinta, bai kai minti biyu ba. Ta yi sallama, ta faɗi sunanta, ta ce abin da yaron ya nuna gaskiya ne, robar ta lalace, ga dalili, ga abin da aka kwashe, duk wanda ya ga roba ta kumbura kada ya sha, ya kira wannan lamba a musanya masa. Ba ta ambaci sunan mai shagon ba, ba ta kuma ce maƙiya ne suka sa ta a gaba ba. Washegari yaron da kansa ya sa saƙon nata a sitatus ɗinsa. Ciniki ya ja baya na ɗan lokaci, wannan ba makawa, amma ba dilan da ya dawo da kaya ya ce ya fasa.

Manyan kamfanonin duniya ma a wannan gaɓa suke tuntuɓe, duk da tarin ƙwararrun da suke biya. Ranar 9 ga Afrilun 2017, a filin jirgin sama na O'Hare da ke Chicago a Amurka, kamfanin United Airlines ya buƙaci kujeru huɗu don ma'aikatansa a jirgin da zai tafi Louisville, bayan fasinjoji sun riga sun zauna. Wani likita mai shekara 69 ya ƙi sauka, ya ce yana da marasa lafiya da zai duba washegari. Jami'an tsaron filin suka fizgo shi daga kujera, suka ja shi a ƙasa, fuskarsa duk jini, sauran fasinjoji suna ɗauka da wayoyinsu. Sanarwar farko da shugaban kamfanin, Oscar Munoz, ya fitar haƙuri ta bayar a kan sauya wa fasinjoji jirgi, babu maganar raunin da aka ji wa mutumin. A wasiƙar da ya aika wa ma'aikata kuma ya kare su, ya nuna fasinjan ne mai tada hankali, wasiƙar ta fita waje kamar yadda irinta take fita kullum. Sai ranar 11 ga wata ya fito ya ba da haƙuri na sosai, lokacin bidiyon ya gama zaga duniya har ƙasar Sin. Daga baya kamfanin ya sasanta da likitan, ya ɗaga diyyar wanda ya yarda ya bar kujerarsa zuwa dala 10,000. Duk abin da Munoz ya faɗa a rana ta uku yana iya faɗarsa a rana ta farko. Mutane sun ga jini, shi kuma ya tsaya yana bayanin ƙa'idar aiki.

Sai dai mu a nan muna da wata matsala da waɗannan labarai na Turai da Amurka ba sa koyarwa, ita ce ta inda maganar take bi. Abin da na saba gani shi ne kamfani ya rubuta sanarwa da Turanci a kan takarda mai tambari, manaja ya sa hannu, a ɗauki hotonta a liƙa a Instagram ko X, a ce an kashe wutar. Alhali jita-jitar da Hausa take yawo, a saƙon murya, daga guruf ɗin 'yan'uwa zuwa na matan unguwa zuwa na 'yan Islamiyya. Wadda ta tura wa ƙanwarta saƙon cewa kada ta ƙara ba yara abu kaza ba za ta taɓa cin karo da wannan takarda ba. Kuma WhatsApp ba fili ba ne da kamfani zai leƙa ya ga abin da ake faɗa a kansa, saƙonnin a rufe suke, sai wanda aka tura wa. Tun 2019 kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri 1 kacal, amma wanda ya tsorata a kan lafiyar 'ya'yansa zai zauna ya tura ɗaya bayan ɗaya. Masu shekaru za su tuna daren watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka yi ta tada mutane daga barci a waya ana cewa su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha. Kafin gari ya waye maganar ta game ƙasa, har aka samu waɗanda suka rasa ransu saboda gishirin. A lokacin ma wayoyin zamani ba su kai yawan na yau ba.

Don haka amsa dole ta bi hanyar da zargin ya bi. In da murya aka yi, da murya za a mayar, da harshen da aka yi, kuma daga bakin mutum mai suna da fuska. Sai rediyo, wanda har gobe yana da ƙarfi a Arewa: minti biyar a Freedom ko Rahma ko Arewa Radio, mai kamfani yana amsa tambaya da bakinsa, ya fi takarda goma. Sai kuma waɗanda aka fi mantawa da su, wato diloli da masu shaguna. Mai saye ba ya zuwa masana'anta, mai shagon unguwa yake tambaya, “Wai gaskiya ne abin da ake faɗa?” In mai shagon ya ce shi ma haka ya ji, magana ta ƙare. Ya kamata dilan da yake Kasuwar Singa ya ji bayani daga kamfani kafin ya ji a gari. Kayan da ake lodi a Singa suna kaiwa har Maraɗi da Damagaram, saƙon muryar ma yana tsallaka iyaka ba tare da kwastan ya tsayar da shi ba, saboda haka in kayanka suna shiga Nijar, dilolinka na can su ma suna cikin waɗanda za ka fara kira.

Wani abu da yake ɓata mini rai shi ne in ji manaja yana cewa mutanenmu jahilai ne, komai aka faɗa musu sai su yarda. Wannan rashin adalci ne, kuma rashin sanin tarihi ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran jarirai na My Pikin, wanda aka gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda, ya yi sanadin mutuwar yara 84 a ƙasar nan. A 2021 kuma, a nan Kano, garin lemo da ɗan tsami marasa kyau suka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, aka rasa rayuka. Uwar da ta ga waɗannan, in ta ji an ce abu kaza yana da guba ta hana 'ya'yanta, hankali ta yi. Nauyin kamfani ne ya kawo mata abin da zai kwantar mata da hankali.

Kuma rantsuwar mai kaya ba ta isa ba, ai ba mai cewa kayansa ba kyau. Shaidar wanda ba shi da riba a ciki ita ake so. A ƙarshen Afrilun 2023 hukumomin lafiya a Taiwan da Malesiya suka ce sun samu wani sinadari da ake dangantawa da ciwon daji a wani nau'in Indomie da aka yi a Indonesiya. Nan da nan labarin ya iso Najeriya, ƙasar da kusan kowane mai shayi yake da katan ɗin Indomie a gefen teburinsa. Kamfanin Dufil, mai yin Indomie a nan gida, da masana'antu a Ota da Fatakwal da Kaduna, ya fito ya ce nasa a nan ake yi, kuma ba wannan nau'in ba ne. Wannan bayani ya taimaka, amma abin da ya sa ƙura ta lafa shi ne hukumar NAFDAC ta ɗebi samfuri daga masana'antu da kasuwanni ta gwada, bayan wasu makonni ta ce ba ta samu sinadarin a taliyar da ake yi a Najeriya ba. Ƙaramin kamfani ma yana iya yin haka daidai ƙarfinsa: ya kai kayansa gwaji da kansa, ya gayyaci hukuma kafin ta zo da kwaɗon rufe ƙofa, ya nuna wa jama'a takardar sakamakon yadda take.

In kuwa binciken ya nuna da gaske akwai matsala, to babu wata dabarar magana da za ta maye gurbin kwashe kaya. A 1982 mutum 7 suka mutu a yankin Chicago bayan sun sha maganin Tylenol da wani ya zuba wa guba. Laifin ba na masana'anta ba ne, duk da haka Johnson & Johnson ya janye kwalabe kimanin miliyan 31 daga kasuwannin Amurka, asarar da ta kai kusan dala miliyan 100, ya dawo da maganin a cikin mazubin da in an taɓa shi za a gane. Har yau da wannan ake buga misali. A Indiya kuwa, inda Maggi taliya ce ba dunƙulen miya ba, kamfanin Nestlé ya ɗauki lokaci yana jayayya da hukumomi a kan sakamakon gwajin da ya nuna dalma, har aka haramta taliyar a watan Yunin 2015, aka lalata kimanin tan 38,000. Kotu ta soke haramcin a watan Agusta, sabon gwaji ya wanke taliyar, ta dawo kasuwa a Nuwamba. Wato kamfanin yana da hujja a hannunsa, amma jinkirin fitowa ya yi wa iyaye magana kai tsaye ya sa ya yi watanni ba shi a kanti.

Akwai abubuwa biyu da nake roƙon duk wanda nake wa aiki ya guje musu. Goge ƙorafin mutane daga shafi: wanda ka goge wa magana ya riga ya ɗauki hotonta, zai dawo da ita tare da sabon zargi cewa kana ɓoye wani abu. Sai hayar masu yawan mabiya a TikTok da Instagram su fito rana ɗaya suna yabon kaya da kalmomi iri ɗaya. Mutanenmu suna gane tallan da aka biya tun daga sallamar mai yinsa, kuma ranar da aka gane, ko gaskiya ka faɗa daga baya za a ce ita ma sayenta ka yi.

Ban ce lauya ba shi da rana ba. Akwai masu cin amana da gaske: wanda zai jefa ƙwaro a cikin kwalba ya ɗauki bidiyo, sannan ya kira ka a ɓoye ya ce ka turo kaza ko ya saki. Akwai abokin hamayya da zai ɗauki nauyin ƙarya. Irin waɗannan a ajiye saƙonninsu, a tara hujja, a bi hanyar shari'a, kuma kada a biya ko sisi, domin wanda aka biya yau zai dawo jibi. Amma a bambanta su da mai sayen da ya fitar da kuɗinsa ya sayi kayanka, bai ji daɗi ba, ya faɗa, ko da ya faɗa da kaushin harshe. Hanyar bambantawa kuwa ita ce ka kira shi ka ji ta bakinsa. Mai neman kuɗi zai kawo maganar kuɗi da kansa. Mai ƙorafi na gaskiya zai faɗa maka shagon da ya saya da ranar da ya saya, sau da yawa ma yana ajiye da ragowar kayan.

Shi ya sa yanzu kafin in karɓi aikin talla daga kowane kamfani, nakan ɗauki kayansu in duba abu biyu a jiki. Na farko lambar da take nuna ranar da aka yi shi da rukunin da ya fito, tare da littafin da zai nuna wane dila ya ɗauki wane rukuni, domin in babu wannan, ranar da roba ɗaya ta lalace sai dai ka kwashe kayanka duka ko ka bar su duka. Na biyu lambar wayar da aka buga don masu ƙorafi. Nakan kira ta a gaban mai kamfanin, in sa a amsa-kuwwa. Sau da yawa a kashe take, ko kuma layin wani tsohon ma'aikaci ne da ya bar aiki tuntuni. In haka ta faru nakan ce, “Ranka ya daɗe, mu fara gyara wannan kafin mu je rediyo.” Da yawa daga cikin waɗanda suke kai ƙararsu Facebook sun gwada kiran wannan lamba tukuna ba a ɗauka ba.